Keto, azumin awa 16 ko motsa jiki: wanne ne ya yi muku aiki wajen rage ƙiba?

Ummin_Gwale: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema don Allah. Shekarata 24, tsayina mita 1.60, nauyina ya kai kilo 82. Tun da na gama hidimar ƙasa na dawo gida nake ta ƙaruwa. Yanzu in na hau bene gwiwoyina ciwo suke, al'adata ma ta rikice, sai ta yi wata biyu ba ta zo ba. Ƙawata ta ce in shiga keto, wato tsarin barin abinci mai sitaci da sukari, in bar shinkafa da tuwo gaba ɗaya. Yayata ta ce a'a, azumin awa 16 ya fi, wanda ake barin karin kumallo. Wani kuma ya ce min abinci ba shi ne matsala ba, motsa jiki kawai zan yi. Gidanmu tukunya ɗaya ce, shinkafa ko taliya da rana, tuwon masara da dare, kuma ba ni da kuɗin girki daban. Waɗanda suka gwada, wanne ne ya yi muku aiki da gaske?

Zinariya_KD: Wa alaikumussalam. Keto, ba tantama. Satin farko kawai sikeli ya nuna min kilo 3 sun tafi. Ƙwai, kifi, kabeji, awara, shi ke nan.

Maman_Afnan: Zinariya, yanzu kina kai har yau? Ina tambaya ne don ni ma na yi, na ga saukar nan ta farko, na yi ta murna. Amma kuɗin kifi da ƙwai kullum ya gagare ni, ga maigida da yara su ma sai na dafa musu nasu. Da na koma cin abincin gida komai ya dawo.

Zinariya_KD: Na ɗan sassauta, amma ban koma shinkafa kamar da ba.

Mai_Nazarin_Abinci: Ummi, fannin abinci da lafiya na karanta, bari in ɗan yi bayani a kan kilo 3 ɗin da Zinariya ta ambata, don shi ne yake ruɗar mutane da yawa. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram na wannan ajiyar yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Idan kika daina cin abinci mai sitaci, jiki zai cinye ajiyar, ruwan ya fita ta fitsari. Don haka yawancin abin da ya sauka a satin farko ruwa ne, ba kitse ba. Shi ya sa ranar da mutum ya ci shinkafa a gidan biki, washegari sai ya ga kilo ɗaya ko biyu sun dawo, hankalinsa ya tashi.

A kan wanne ya fi kuwa, an gwada. A Jami'ar Stanford ta Amurka an raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage mai, wasu suka rage sitaci, aka bi su tsawon shekara guda, aka fitar da sakamako a 2018. Masu rage mai sun sauke kilo 5.3 a matsakaici, masu rage sitaci kilo 6. Bambancin bai kai a ce ɗaya ya fi ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne a kowane ɓangare an samu wanda ya sauke kusan kilo 30, an kuma samu wanda ya ƙara kusan kilo 10. Tsari ɗaya, sakamako daban-daban. Wanda mutum zai iya ɗorewa a kansa shi ne nasa.

Zinariya_KD: Amma ai rage sitaci daban, keto na gaske daban. Kuma ni abin da na gani shi ne yunwa ta daina damuna. Da ko na ci burodi da shayi da safe, kafin sha ɗaya cikina yana kuka.

Mai_Nazarin_Abinci: Gaskiyarki ta nan. A binciken sun fara da tsanani sosai na wata biyu, daga baya kowa ya riƙa ƙarawa har inda zai iya jurewa. Maganar yunwa kuma haka take, furotin yana riƙe ciki fiye da burodi. Sai dai ba sai kin shiga keto za ki samu wannan ba. Alale, wake, awara, nono marar sukari duk suna yi, kuma ba su kai kifi tsada ba.

Yar_Samaru: Ni azumin awa 16 ne ya karɓe ni, kuma dalilina irin na Ummi ne, wato tukunya ɗaya. Ba na canza abinci, lokaci kawai nake canzawa. Ina fara ci da ƙarfe sha biyun rana, in rufe baki bayan Isha. Babu mai cewa na raina girkin gida. Ciye-ciyen dare na cincin da lemo shi ya tafi.

Hajjo77: Ku yi hattara da olsa dai. Yarinya ta zauna da yunwa har azahar, gyambon ciki za ta jawo wa kanta.

Sista_Jummai: Anti Hajjo, ma'aikaciyar jinya ce ni. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori take kawo shi, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Yunwa tana tayar da zafin ga wanda yake da shi, amma ba ita ce asalinsa ba. Wadda take jin zafin ƙirji ko ciki in ta jinkirta abinci, ta je a gwada ta, ana maganinsa. Waɗanda zan hana wannan azumin kai tsaye su ne mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon sukari da take kan magani, da duk wadda ta taɓa shiga halin ƙin cin abinci ko ci ta amayar.

Mai_Nazarin_Abinci: Shi ma azumin an gwada shi. A birnin Guangzhou na China an ɗauki mutum 139, duka aka rage musu yawan abinci daidai wa daida, amma rabi aka ce su ci tsakanin takwas na safe da huɗun yamma kawai. Bayan shekara, a 2022, masu ƙayyade lokaci sun sauke kilo 8, sauran kilo 6.3, kuma masu binciken suka ce tazarar ba ta isa hujja ba. Wato agogon yana taimaka wa wasu su rage ci, ragin ne yake aiki.

Malama_Bintu: Ni abin da yake ba ni mamaki, muna da azumin Litinin da Alhamis, muna da hadisin da Tirmizi ya rawaito na raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, amma sai mun ji daga waje muke ɗauka da muhimmanci. Sai dai a gyara niyya, ibada daban, neman rama daban.

Yar_Samaru: Haka ne Malama. Amma ki duba Ramadan, wata guda cur muna azumi, da yawa daga cikinmu da ƙiba muke fitowa. Ƙosai, soyayyen dankali, kunun gyaɗa da sukari, zoɓo, sannan a zo a ci abinci mai nauyi, a kwanta.

Dije_Tela: Duk kun bar motsa jiki a baya. Iyayenmu a ƙauye tuwo suke ci safe da dare, da fura a tsakani, amma ba ka ganin teɓa. Daka, surfe, ɗebo ruwa, tafiya gona. Mu kuwa daga gado sai kujera sai Keke Napep. Ni a keken ɗinki nake wuni, na san abin da zama yake yi wa mutum. A ganina ba tuwo ne ya canza ba, mu ne muka daina motsi.

Fa'iza_Jos: Yaya Dije, tuwon bai canza ba, amma abin da yake kewaye da shi ya canza. Kakata ba ta san lemon kwalba kullum ba, ba ta san indomi da ƙwai da dare ba, man da take sa wa miyar kuka ɗan kaɗan ne. Mu kuwa miyar dage-dage sai mai ya taso sama ya yi iyo. Na yi rajista a gidan motsa jiki na mata a nan Jos, ina zuwa ba fashi, amma sikeli bai motsa ba sai da na taɓa abinci.

Mai_Nazarin_Abinci: Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma lissafin yana wajen Fa'iza. Mace mai nauyin Ummi in ta yi tafiya da sauri na rabin awa, kalori (ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki) kusan 150 za ta ƙona. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Lemon kwalba na 50cl ya kai 200, da sukari sama da cokalin shayi goma a ciki. Kenan kwalba ɗaya ta shafe tafiyar rabin awa har da ƙari. Akwai ma binciken da Herman Pontzer ya yi a 2012 a kan mutanen Hadza na Tanzaniya, masu farauta da tsintar abinci a daji, masu tafiya mai nisa kullum. Ya samu cewa in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini bai wani fi na mazauna birane a Amurka da Turai ba. Jiki yana da dabarar rage kashewa a wani wuri in ka ƙara a wani.

Dije_Tela: To kenan a bar motsa jikin? Ban yarda ba.

Sista_Jummai: A'a, ko kusa. Sikeli ba shi ne lafiya gaba ɗaya ba. Motsa jiki yana sauke hawan jini, yana sa jiki ya sarrafa sukari da kyau, yana gyara barci, yana rage damuwa, ko da nauyi bai sauka ba. Kuma in mace ta rage abinci ba ta motsi, ba kitse kaɗai take zubarwa ba, har da tsoka. Shi ya sa za ki ga wata ta rame amma ta yi laushi, ba ƙarfi, fuska ta zurma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar. Sannan waɗanda suka sauke nauyi ya zauna bai dawo ba, mafi yawansu masu motsa jiki ne a kai a kai. Abinci ne yake saukarwa, motsi ne yake taimakawa kada ya dawo.

Ummin_Gwale: Na gode ƙwarai. Amma Sista, a unguwarmu budurwa ta fito da safe tana tafiya da sauri a titi, kafin la'asar labari ya kai wa Baba. Gidan motsa jiki kuwa ba ma a maganarsa.

Dije_Tela: Igiyar tsalle, ƙanwata. A tsakar gida bayan Asuba, babu wanda ya gan ki.

Sista_Jummai: Ban da tsalle tukuna, tunda ta ce gwiwa tana ciwo. Ki fara da zagaya tsakar gida ko tattaki a wuri ɗaya cikin ɗaki, akwai bidiyoyinsa na kyauta a YouTube. Zama a kujera da tashi sau goma, ki huta, ki maimaita. Tura bango da hannu. Ɗaga robar ruwa. In nauyi ya ɗan sauka, gwiwa ta sarara, sai igiya ta shigo.

Malama_Bintu: Kuma a daina kallon motsa jikin mace kamar abin kunya. A cikin Abu Dawud, Nana A'isha ta ba da labarin tseren da suka yi da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Ki samu yayarki ko Umma ku riƙa fita tare da hijabinku bayan Asuba, in ana biyu magana tana raguwa.

Amaryar_Bana: Don Allah ni shayin rage tumbi nake son a yi min bayani. Bikina ya kusa, wata mai sayarwa a Instagram ta ce sati biyu ya isa. Akwai kuma bel ɗin matse ciki.

Maman_Afnan: Kada ki soma. Na ga wadda ta sha, wuni ta yi tana zaryar banɗaki har jiri ya kwashe ta.

Sista_Jummai: Amarya, da yawa daga cikin shayin nan ganyen filasko ne a ciki, ko wani abu mai sa fitsari. Gudawa ce da ruwa, kitse yana nan inda yake. In aka daɗe ana sha, gishirin jiki yana rikicewa, hanji ya saba har ya kasa aiki da kansa. Mafi muni, a ƙasashe da dama an sha kama kayan rage ƙiba da aka ce na ganye ne zalla alhali an zuba musu sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Bel kuma matsewa kawai yake, kina cirewa ciki ya koma. Babu wani atisaye ko ɗauri da yake zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya narkar.

Yar_Damagaram: Ni daga Zinder nake bin ku. Abin da yake damuna shi ne mu mata an sa mu a tsakiya. A wajenmu amarya in ba ta yi jiki ba, dangin miji su ce ba a kula da ita. Ƙanwata siririya ce, lafiyarta lau, amma ana ta matsa mata ta sha maganin ƙiba kafin aure. Ga ku nan kuna neman ragewa, ga ta can tana kuka don an ce ta ƙara.

Hajjo77: Sha-ka-fashe kenan. Nan ma ya cika gari.

Sista_Jummai: Ki hana ta, don girman Allah. Galibi dexamethasone ne ake haɗawa da maganin buɗe ciki. Kumburi yake sa wa, fuska ta yi fam, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta tsage. Yana jawo ciwon sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke lokaci ɗaya, haɗari ne, likita ne zai riƙa rage mata a hankali.

Fa'iza_Jos: Allurar rage ƙibar nan fa da ake ta magana, Ozempic?

Mai_Nazarin_Abinci: Sinadarin da yake cikinta, semaglutide, yana aiki. A babban gwajin da aka buga a 2021 mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Amma da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu bisa uku na abin da ya sauka ya dawo. Ga tsada, ga jabu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan na jabu a 2024. Mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki ba ta yi. Abu ne na likita, ba na saye a intanet ba.

Sista_Jummai: Mu koma kan Ummi, don akwai abin da ta faɗa a farko da aka tsallake, kuma shi ya fi tsaya min a rai. Ƙiba tare da al'ada mai tsallake wata biyu. Ummi, kina ganin gashi a haɓa ko ƙirji, ko ƙuraje masu yawa a fuska, ko bayan wuyanki ya yi duhu kamar dauɗa amma ba ya fita da wanka? Ko ba ki gani ba, ki je wajen likitan mata a duba ki ko PCOS ce, wato rikicewar sinadaran jiki da take shafar ƙwan mace da al'ada. Kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa tana da ita, da yawa ba su sani ba sai an yi aure ana neman haihuwa. A gwada miki sukari, a duba jininki. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yakan dawo da al'ada daidai ga da yawa. A wajenki kilo 4 zuwa 8 ke nan, ba 25 ba.

Na ce a duba jini ne saboda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mace tana iya zama mai ƙiba kuma jininta ya yi ƙasa. Irin wannan in ta shiga horon yunwa, jiri ne, da zubewar gashi bayan wata biyu ko uku.

Ummin_Gwale: Subhanallah. Duhun wuyan nan ina da shi, har sabulu na canza saboda shi. Zan je asibiti insha Allahu. Kafin nan me zan yi da tuwon dare?

Maman_Afnan: Ki ci abinki, malmala ɗaya maimakon biyu, miya ta fi yawa. Ni abin da ya zauna min kenan bayan keto. Ina fara cin kwaɗon zogale ko rama ko lansir kafin a zuba abinci, sai in ga shinkafar da nake ci ta ragu da kanta. In ke ce da girki ki auna mai da cokali, kada ki tuttula daga galan. Babu wanda zai lura.

Mai_Nazarin_Abinci: A kula da ƙuli-ƙulin kwaɗon da man da ake zubawa kawai, don su ma suna da nauyi. Ummi, ki fara da abin sha: lemo, zoɓo mai sukari, kunun zaƙi, shayi mai madarar gwangwani. Nan ne ragi mafi sauƙi. Rabin kilo a mako ya wadatar. Ki samu tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya sau ɗaya a wata, ga mace daga santimita 80 haɗari yana farawa, daga 88 ya yi yawa. Wani lokaci tef yana nuna canji kafin sikeli.

Zinariya_KD: Ni dai har yanzu ina ganin in PCOS ce, rage sitaci sosai zai fi mata. Malmala ɗaya ma tuwo ne.

Fa'iza_Jos: Ko ta koma tuwon acha. Mu nan Filato shi masu ciwon sukari suke nema.

Mai_Nazarin_Abinci: Acha hatsi ne mai kyau, amma shi ma sitaci ne, in aka ci malmala uku lissafin bai canza ba. Ga shi a Kano ya fi masara tsada nesa. Dawa ko gero da ba a surfe su sosai ba za su yi mata.

Yar_Samaru: Ummi, ki haɗa da rufe baki bayan tuwon dare, ko ba ki yi awa 16 cif ba. Da barci da wuri. Duk daren da na kai ɗaya ina danna waya, sai na nemi abin taunawa.

Maijego_Sabuwa: Sannunku. Na karanta duka. Ni watana uku da haihuwa, ina shayarwa, tumbin bai koma ba. Wanne zan iya yi a ciki?

Sista_Jummai: Barka da arziki, Allah ya raya. Keto da azumin awa 16 duk ki ajiye su yanzu, mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci kusan kalori 500 a yini. Ki rage sukari da soye-soye, ki yawaita wake, ganye da ruwa, ki riƙa tattaki. Kunun kanwa kuma a sassauta, gishirinsa yana da yawa, yana wahalar da zuciyar maijego. Atisayen ciki sai an duba ko tsokar cikinki ta haɗe, musamman in tiyata aka yi miki. Haihuwar da kanki kika yi ko aiki aka yi?